Shekarar da Iya Ta Kira Sunana

Na san abin da kuka taso kuna ji game da ciwon kakarku Iya. Wasunku sun ji cewa aljanu ne suka shafe ta, wasu sun ji cewa wata nas ce ta yi mata allurar guba, akwai kuma waɗanda aka gaya wa cikin raɗa cewa ni ce na gaji da uwata, na kai ta gidan tsofaffi na yar. Ban taɓa tsayawa yin musu da kowa ba, kun san ni da yawan magana ba mu saba ba. Amma tunda Allah ya sa makarantar yaƙi da jahilci ta koya mini riƙe biro bayan na yaye Auta, gara in rubuta muku da hannuna, ko da rubutun ya karkace, ku ji daga bakin wadda take tsaye a wurin.

Sai na fara gaya muku yadda muke da Iya, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ni ce 'yar farinta. A irin tarbiyyar da aka yi mata, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama ta yi hira da shi. Tun ina goye har na aurar da 'ya, ban taɓa jin "Sa'adatu" ya fito daga bakinta ba. In tana son buta, sai ta dubi ƙofa ta ce, "Wai babu mai miƙo mini buta a gidan nan?" Ko da ni kaɗai ce a ɗakin haka za ta ce. Ranar da na kusa mutuwa wajen haihuwar Sani, an ce tana bayan ɗaki tana kuka, amma da ta shigo jaririn ta duba, sannan ta ce da ungozoma, "A ba waccan kunu." Ku 'yan yanzu za ku ce rashin so ne. Ni ban taɓa jin haka a raina ba. A cikin wannan kunyar nake ganin son da take yi mini, kuma da ita na san Iya.

A shekarar da nake ba ku labari, Iya ta zame a bakin famfo da sanyin safiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Ta daɗe a asibiti, aka sallame ta ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ga ciwon suga da ya kai matsayin sai an yi mata allura kowace safiya, ga ƙwayoyi safe da yamma. Kun san gidanmu na Anguwan Rogo, a kan dutse yake, ko keke mai ƙafa uku ba ya shiga lungun, daga titi zuwa zaure sai an yi hawa. Babanku kuma lokacin yana kwance da nasa ciwon, ni nake juya shi. Ƙanena Ɗanlami, kawunku, ya zo daga Legas ya ce ya ji labarin wani gida ta wajen Kwararafa, wanda wata tsohuwar nas ta buɗe bayan ta bar aiki, ana kula da tsofaffi da masu shanyewar jiki. Na yi kwanaki ban ba shi amsa ba. Na san abin da unguwa za ta ce, kuma ta faɗa, har da ƙari. Daga baya na yarda a kan cewa da zarar ƙashin ya haɗu zan ɗauko ta, kuma ban taɓa barin rana ta faɗi ban je na gan ta ba.

Gidan ba shi da laifi a ido. A share yake, zannuwan gado a wanke, babu wari. Ɗakin Iya gado biyu ne. Ɗayan na Mama Kaneng ne, wata doguwar tsohuwa 'yar Birom, wadda ta yi ƙuruciyarta tana dakon ƙasar kuza a ka, ƙafafunta sun mutu amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Mai aikin rana, wadda take yin allura, Sista Nkechi ce, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Jos, Hausa a bakinta, sai dai mace da namiji duk "shi" ne a wurinta. Mai karɓarta da yamma ta kwana da su har safe kuwa Rabi ce, wata bazawara 'yar Dilimi. Ita ba nas ba ce, a nan aka koya mata raba ƙwayoyi, amma ladabinta ya isa, ba ta wuce gadon Iya sai ta rusuna.

Ba a daɗe ba Mama Kaneng ta gane yadda muke magana. In na shigo na gaishe da Iya, sai Iya ta juya wajen maƙwabciyarta.

"Kaneng, tambayi waccan, mai gidan nata ya ci abinci kafin ta fito?"

"Ke Hajiya, ga ta nan a gabanki kamar buhun acca, ni kin mai da ni waya? To, Sa'adatu, uwarki ta ce mijinki ya ci abinci? Na isar. Ku biya ni kuɗin kati."

Sai Iya ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ganin wannan dariyar ne ya sa hankalina ya kwanta da gidan.

Da azumi ya matso, likitan da yake leƙo su ya ce kada Iya ta yi. Na je wajen limamin unguwarmu, ya ce Allah ya ɗauke mata, a ciyar a madadinta. Irin wannan maganar ba za ta fito daga bakina zuwa kunnenta ba, don haka Ɗanlami ne ya gaya mata ta waya, ni ina riƙe da wayar. Ta saurara har ya gama, ta ce, "To." Matar da tun tana budurwa ba a taɓa ganin ta sha azumi da gangan ba, ta ce "to", mu duka kuwa muka ɗauka ta yarda.

Da azumin ya yi nisa na fara ganin Iya tana canjawa. Bayan la'asar nake zuwa, in ɗan zauna, in koma in haɗa kayan shan ruwa. Sai in tarar goshinta ya jiƙe da gumi, alhali iska tana kaɗa labule har ni ina jan mayafi. Hannunta yana rawa har carbi ya suɓuce. Wata rana ta daka wa Rabi tsawa a kan matashin kai, Iya da ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Wata rana kuma ta tambaya ko Baba, mahaifina, ya dawo daga wankin kuza, mutumin da ya rasu tun kafin a haifi Sani. Na tare Sista Nkechi a baranda tana shirin tashi.

"Sista, Iya tana cin abinci kuwa? Na ga jikinta yana rawa."

"Ah, Anti, Mama yana ci fa! Farantin shi yana dawowa tas, ko miya ba ya ragewa. Tsufa ne kawai. Haka suke yi, yau lafiya, gobe sun manta."

"Ana auna sugan nata?"

"Tsinken awon ya ƙare, mun ce a kawo. Amma sugan Mama ba ya ba mu wahala, tun da ya zo daidai yake."

Haka tsarin aikin gidan yake, daga baya na gane. Da safe Sista tana bi ɗaki-ɗaki ta yi allura, a ajiye wa kowa abincinsa, ta wuce gaba, don marasa lafiya da yawa ita kuwa ita kaɗai. Ba ta tsayawa ta ga an kai loma baki. In an tattaro kwanuka ta leƙa kicin, wanda farantinsa ya dawo babu komai, to ya ci. Faranti shi ne shaidarsu. Na koma ɗaki na roƙi Mama Kaneng ta tambayar mini Iya ko akwai inda yake mata ciwo. Iya ta juya fuska bango ta ce, "Gaya mata lafiyata ƙalau, ta tafi kada magariba ta same ta a hanya." Mama Kaneng ta isar da saƙon, amma ranar ba ta nemi kuɗin kati ba. Na lura kumatunta sun ciko, har na tsokane ta na ce, "Mama, gidan nan ya karɓe ki." Sai ta hau murza zanin gado.

A cikin goman ƙarshe ne abin ya faru. Ranar na tsaya na sayo wa Mama Kaneng zuma a kwalba, don tana fama da tari, shi ya sa na ɗan makara. Tun daga bakin ƙofa na jiyo muryarta, ta dushe don kira.

"Ku zo ku duba matar nan! Tun azahar nake kira, sai a leƙo a ce barci take yi, kar a tashe ta!"

Iya tana kwance rigingine, baki a buɗe, tana wani irin minshari da ban san ta da shi ba. Rigarta ta jiƙe sharkaf, jikinta kuwa sanyi kamar randa. Na kira ta, na girgiza kafaɗarta, na tallabi fuskarta da hannu biyu, ni da ban taɓa riƙe fuskar nan ba tun da na yi wayo. Idonta a buɗe kaɗan, baƙin ya tafi sama. Sista Nkechi ta shigo da jaka a kafaɗa, tana taɓa wuyan Iya na ga fuskarta ta sauya. Ta jefar da jakar ta fita da gudu zuwa kemis ɗin tsallaken titi, ta dawo da tsinken awo, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta soki yatsan Iya, ta dubi na'urar, ta ɗora hannu a ka.

"Suga ya faɗi. Ya faɗi gaba ɗaya. Ta yaya? Mama yana cin abinci!"

"Ni nake ci," in ji Mama Kaneng.

Duk muka juya.

"Ni nake cinye nata da nawa, tun ranar da aka ga wata. Azumi take yi. Ta ce in rufa mata asiri, ta ce har ladan ciyarwa za ta samu a kaina. Ni duk rayuwata cikin Hausawa na yi ta, ban taɓa ganin azumi ya kayar da kowa haka ba."

"Azumi?" in ji Sista. "Ni kuma ina yi mashi allura kullum da safe, cikin shi babu komai? Me ya sa bai hana ni ba? Da kan shi yake buɗe mini riga!"

Sai Rabi ta yi magana daga bakin ƙofa, shigowarta aiki ke nan, ko hijabi ba ta cire ba.

"Ta ce ta ji a wa'azin rediyo allura ba ta karya azumi, ƙwaya ce take karyawa. Shi ya sa nake ajiye mata na safe, in an sha ruwa in haɗa mata da na yamma ta shanye gaba ɗaya. Ni nake ba ta sahur."

"Kina haɗa mashi biyu? Rabi! Ba ki gaya mini ba?"

"Uwa ce ta ce kar in faɗa. Kuma na ga azumi ba naku ba ne, Sista, na ɗauka ba za ki gane ba."

Ina tsaye ina jin su kamar daga cikin rijiya. Mata uku, kowacce tana son Iya, kowacce tana ganin alheri take yi mata, ga uwata nan a kwance tsakaninsu tana tafiya. Sista ta yi ihu ko akwai mai suga, ko alewa, ko wani abu mai zaƙi. Na zaro kwalbar zumar. Ta ce kada in zuba, za ta shaƙe, in lakato da yatsa in shafa a dadashi da cikin kumatu. Ina buɗe murfin ke nan na ji an riƙe mini wuyan hannu. Rabi ce.

"Anti, saura kaɗan a kira magariba. Tun asuba take wahala. In ta farka ta ji an karya mata..."

Na dube ta. Wallahi babu mugunta a fuskar yarinyar nan, hawaye ne kawai, kuma har zuciyarta take faɗa. Wannan ne ya fi komai tsorata ni a ranar, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

"Rabi, sake ni."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na sa yatsana a cikin bakin uwata.

A keke mai ƙafa uku muka kai ta asibiti, kanta a kan cinyata, Sista tana riƙe da ƙafafunta. Muna tsakiyar hanya masallatai suka ɗauki kiran salla, mai keken ya jefa dabino a baki da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya, ya miƙo mini nawa ta baya. Ban san inda dabinon ya faɗi ba. Aka ɗaura mata ruwa ta jijiya. Likitan da ya karɓe ta ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, yadda zan gane. Ya ce aikin allurar shi ne ta rage sugan da yake cikin jini, an yi ta ne don a ci abinci a bayanta. In babu abinci ba za ta fasa aikinta ba, za ta yi ta kwashewa har ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take rayuwa da shi. Ga ƙwayoyin da ake ninka mata, ga shi ba rana ɗaya ba ce. Ya ce da wani ya buɗe baki ya ce tsohuwar nan ta ƙi barin azumi, da an zauna da ita, ko a sauya lokacin maganin da yawansa.

"Hajiya, za ta iya farkawa," ya ce. "Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta farka."

Washegari Ɗanlami ya sauka, kuma kafin ya iso asibiti labari ya riga ya sami ƙafa a unguwa. Ya shigo idonsa jawur, na hango wasu samarin lungunmu tsaye a waje suna jiransa.

"Yaya, wace ce ta yi allurar? An ce ba Musulma ba ce. A watan azumi! Ki ba ni sunanta kawai."

Kun san garin nan, kun san abin da irin wannan maganar take zama in ta fita titi. Na ja shi gefe.

"Ɗanlami, zauna. Mai allurar ba ta san ana azumi ba. Wadda ta sani, alƙiblarmu ɗaya da ita. Wadda ta ci abincin kuma, uwarka ce ta roƙe ta. Da wa za ka fara?"

Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula, ya yi kuka irin na yara. Daga baya ya fita ya sallami samarin. Kada ku ɗauka na ce babu laifi. Laifi akwai shi, kuma na je na sami mai gidan na faɗa mata a gaban ma'aikatanta. Na ce bai kamata tsinken awo ya ƙare a gidan da ake yi wa masu suga allura ba. Na ce mai allura ta tsaya ta ga an haɗiye abinci, ta daina tambayar faranti. Na ce mai aikin rana da mai aikin dare su riƙa zama su yi magana, kuma in azumi ya zo a tambayi kowane tsoho gaskiyarsa, a sake tambaya. Ba ta yi mini musu ba. Rabi ta bar aikin da kanta. Sista Nkechi kuwa kullum in ta tashi sai ta zo asibiti ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigowa, sai ta ce, "Anti, yaya Mama?" in ce da sauƙi, ta tafi tana share ido.

Bayan Salla da 'yan kwanaki, da hantsi, ina goge wa Iya hannu da tsumma mai ɗumi, Ɗanlami yana zaune a gefe, sai ta buɗe ido. Ta dube ni. Ba ƙofa ta duba ba, ba bango ba, cikin idona ta duba, ta daɗe tana kallo.

"Sa'adatu."

Ɗanlami ya miƙe yana kabbara, ya fita kiran nas-nas, ɗakin ya cika da barka. Ni kuwa tsumman ya faɗi daga hannuna.

"Sa'adatu, ina jin yunwa. Sa'adatu, zo nan kusa da ni. Sa'adatu."

Tana ta maimaita shi kamar yarinyar da ta koyi sabuwar kalma. A nan na gane abin da likita yake nufi. Jikin ya farka, muryar ma tata ce, amma matar da ta yi shekaru tana kewaye wannan sunan don kunya, ita ba ta dawo ba.

Ban mai da ita Kwararafa ba. Samarin nan da suka zo neman rigima, su na sa suka ɗauke ta a kujera suka hau da ita dutse har ɗakina. Na bar sayar da atamfa, na koyi sokin yatsa da yin allura, kuma ban taɓa zare allura ba sai kwanon abinci yana gabana, ba na tashi sai na ga loma ta wuce maƙogwaro. Bayana da kuke ji ina kuka da shi, a nan na samo shi, wajen ɗaga ita da babanku. Da wani azumin ya zagayo ba ta ma san ya zo ba. Tsakar rana take cin tuwonta a gaban kowa tana lashe yatsa, ni kuwa in shige kicin in tsaya har idona ya bushe.

Ku wannan Iyar kuka fi tunawa, mai ƙwala kiran "Sa'adatu" daga safe har yamma, kuna dariya kuna cewa Iya ta fi son Mama a kan kowa. Ban taɓa gyara muku ba, don kuna jin daɗinta, ita ma tana jin daɗinku. Amma ku sani akwai wata Iyar kafin ita, kuma ita ce ta raine ni. Har zuwa rasuwarta, wani lokaci in lokacin salla ya yi nakan ajiye butar inda hannunta ba zai kai ba, in koma bakin ƙofa in tsaya, ko Allah zai sa ta dubi wani wajen ta tambaya ko babu mai miƙo mata buta a gidan nan. Sai ta ɗago ta dube ni, ta yi murmushi.

"Sa'adatu, ba ni buta."

Sai in ɗauka in ba ta.